Hatimi a Kan Gungume: Me Takardar Shaida Ta Canza a Dazuzzukan Gabon da Kamaru?

A watan Satumba na 2018, shugaban Gabon na wancan lokaci, Ali Bongo, ya kai ziyara wata masana'antar tsaga katako ta kamfanin Rougier, ya kuma yi wata babbar sanarwa: duk kamfanin da ke sarar itace a dajin gwamnati dole ne ya samu takardar shaidar FSC kafin 2022, in ba haka ba a karɓe dajin daga hannunsa. Masu rajin kare muhalli sun yi tafi. Amma akwai abin mamaki a cikin zancen. Dajin na gwamnati ne, dokar daji gwamnati ce ta rubuta ta, ma'aikatan gandun daji kuma albashin gwamnati suke karɓa. Duk da haka shugaban ƙasa ya tashi yana umartar kamfanoni su je su nemo shaidar kirki daga FSC ɗin, wata ƙungiya mai zaman kanta da ofishinta ke birnin Bon na Jamus. Wannan shi ne ainihin abin da ya kamata a duba a wannan sabon salo: me ya sa mai daji ya ɗora aikin sa ido a kan wani daban, kuma me hakan ya haifar a ƙasa?

A ƙasashen yankin kogin Kwango, kusan dukkan daji mai katako mallakar gwamnati ne. Kamfani ba ya sayen ƙasa, haya ake ba shi na wani yanki na wasu shekaru. Dokar daji ta Kamaru ta 1994 ta yanka dajin zuwa manyan gandaye, ana ba da kowanne na shekara 15 da damar sabuntawa, ana kuma raba gandun yadda sai bayan shekara 30 za a dawo wurin da aka fara sara. A takarda tsarin ba shi da aibu. Matsalar ita ce mai gida ya ba da haya ya juya baya: jami'i ɗaya ba mota, ba mai, an ce ya sa ido kan dajin da sai a yi kwanaki ba a ratsa shi da ƙafa ba, sau da yawa ma motar kamfanin da zai bincika ce ke ɗaukarsa.

Ita FSC ta samo asali ne daga gazawar gwamnatoci. A shekarun 1980 ƙungiyoyin muhalli a Turai sun yi ta kiran a ƙaurace wa katakon ƙasashe masu zafi baki ɗaya. Daga baya wasu suka lura cewa in itace ya rasa daraja, mai daji zai share shi ne ya shuka wani abu. A taron duniya na Rio a 1992 gwamnatoci suka kasa cimma yarjejeniyar da za ta ɗaure kowa game da dazuzzuka. Shekara guda bayan haka, a Toronto, masu kare muhalli da 'yan kasuwar katako da wakilan al'ummomi suka kafa FSC, da nufin cewa tunda doka ta ƙi, bari kasuwa ta yi aikin. A 1999 masu ƙananan dazuzzuka a Turai suka kafa tasu, PEFC, wadda ke amincewa da tsarin kowace ƙasa in ya cika sharuɗɗa. Yadda abin ke tafiya shi ne, kamfani ya gayyato masu bincike na waje, su duba littattafansa da dajinsa da ma'aikatansa, in ya ci a ba shi takarda ta shekara 5, kowace shekara kuma a dawo a sake dubawa. Sannan ana bin gungumen tun daga kututturensa zuwa masana'anta, zuwa tashar jirgin ruwa, har kantin da za a sayar da kujerar. Kuɗin binciken kamfani ne ke biya. A riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Abin da ya ja kamfanonin farko ba tausayin giwa ba ne. Kasuwa ce. Gwamnatocin Holan da Ingila sun sa doka cewa katakon da za a saya da kuɗin jama'a sai wanda aka tabbatar da asalinsa, kuma Holan na cin katakon azobe mai jure ruwa sosai saboda gadoji da madatsunta. Ba mamaki da ya zama kamfanin Holan ne, Wijma, ya fara samun takardar a Kamaru a ƙarshen 2005. A 2006 kamfanin CIB ya samu tasa a gandun Kabo da ke arewacin Kwango Barazabil, Pallisco ya biyo baya a gabashin Kamaru a 2008. Daga nan dokoki suka ƙara tsanani: Amurka ta gyara dokarta ta Lacey, mai hana cinikin haramtattun kayan daji, a 2008 ta haɗa da katako, Tarayyar Turai kuma ta fara aiki da dokarta ta hana shigo da katakon sata a watan Maris na 2013. Mai shigo da kaya a Antwaf ko Amsadam ya ga cewa gungume mai hatimi ya fi ba shi kwanciyar hankali in jami'ai suka ƙwanƙwasa ƙofa.

To, me ya canza a cikin dajin? A nan akwai shaida mai ƙarfi, kuma ba a inda mutane suka fi zato ba. Sarar katako a wannan yanki ba share daji ba ce. Ana zaɓen itace ɗaya ko biyu ne a hekta guda, sapelli ko okume ko ayus, a bar sauran. Babbar ɓarnar ba daga zarto take zuwa ba, daga hanya take zuwa. Da zarar katafila ta buɗe hanya cikin surƙuƙin da ba a taɓa shiga da mota ba, sai mafarauta su biyo ta da bindiga da tarkon waya, motocin ɗaukar gumagumai kuma su riƙa fito da naman daji zuwa gari. Sharuɗɗan FSC sun tilasta wa kamfani ya toshe hanyar da ya gama amfani da ita, ya sa shinge da masu gadi, ya hana direbobinsa ɗaukar nama, ya kuma samar wa ma'aikata kifi ko naman gida a farashi mai sauƙi don kada su dogara da farauta.

A watan Afrilu na 2024 mujallar kimiyya ta Nature ta buga binciken da masana daga Jami'ar Utrecht ta Holan suka jagoranta. Sun ɗauki gandaye 14 a Gabon da Kwango Barazabil, 7 masu takarda, 7 marasa ita, suka haɗa su biyu-biyu masu kama da juna, suka ɗaure na'urorin ɗaukar hoto 474 a jikin itatuwa. Hotuna kusan miliyan 1.3 suka samu. Dabbobin da nauyinsu ya wuce kilo 100, irin su giwar daji da goggon biri, an gan su ninki 2.7 a gandaye masu takarda. A ƙananan dabbobi kuwa babu wani bambanci na a zo a gani. Wannan ya yi daidai da hankali, domin manyan dabbobi ne mafarauci ke nema, su ne kuma ba sa haihuwa da sauri. Kuma ba batun ƙawa ba ne kawai: giwar daji ce ke yaɗa irin wasu manyan itatuwa ta cikin kashinta, dajin da ya rasa giwa sannu a hankali yana rasa su.

Ta fuskar mutane ma akwai abin faɗa. Cibiyar binciken dazuzzuka ta CIFOR ta kwatanta gandaye 9 masu takarda da 9 marasa ita a Kamaru da Gabon da Kwango Barazabil a 2014. Ta samu cewa a masu takarda ma'aikata sun fi samun kayan kariya, ruwan sha, wurin kwana na mutunci da asibiti, kuma akwai zauren da kamfani da ƙauyuka ke zama su warware saɓani. A arewacin Kwango, mutanen daji na Mbenjele, waɗanda yawancinsu ba su yi boko ba, sun riƙa shiga daji da na'urar nuna wuri suna yi wa itatuwan da suke cin tsutsarsu ko suke girmamawa alama kafin masu zarto su iso. Abin lura a nan shi ne, mafi yawan waɗannan abubuwa tuni suna cikin dokokin ƙasashen. Takardar ba ta ƙirƙiro sabuwar doka ba, ta sa an bi wadda ke akwai ne, saboda an samu wanda zai zo duk shekara ya duba, kuma yana da abin da zai ƙwace.

Inda shaidar ta yi rauni shi ne kan babbar tambayar da aka kafa tsarin dominta, wato hana daji ƙarewa. Nazarin hotunan tauraron ɗan adam a Meziko bai ga wani tasiri ba, wanda aka yi a Kamaru kuma ɗan kaɗan ya gani. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Abin da ya fi cin daji a wannan yanki noma ne, gonakin rogo da ayaba da koko, da gawayi, da gari mai faɗaɗa. Hatimin kamfanin katako ba shi da iko da manomin da ke neman inda zai shuka abinci.

Sai kuma labarin Kamaru, wanda a ganina ya fi kowanne koyarwa. Ƙasar ta taɓa kaiwa kusan hekta miliyan 1 mai takardar FSC. Cikin 'yan shekaru abin ya ruguje. A 2017 Wijma ya sayar da mafi yawan gandayensa ga Vicwood, kamfani mai hedikwata a Hon Kon. A watan Maris na 2018 Rougier, kamfanin Faransa da aka kafa tun 1923, ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi, ya ambaci cunkoson tashar jirgin ruwa ta Duwala da kuɗin harajin da gwamnatoci suka ƙi mayar masa, sannan ya sayar da reshensa na Kamaru. Aka wayi gari Pallisco ne kusan kaɗai ya rage, da ƙasa da hekta 350,000. Babu wanda ya kori waɗannan kamfanoni saboda sun yi laifi. Lissafi ne ya ƙi. Mai takarda yana biyan masu ƙidayar itace, masu gadi, likita, masu bincike, da cikakken haraji, maƙwabcinsa kuma ba ya biyan ko ɗaya, alhali ƙarin farashin da mai saye a Turai ke yarda ya biya saboda hatimi bai taka kara ya karya ba. A daidai lokacin ne kasuwar ta karkata zuwa Sin da Biyetnam da Indiya, inda ba a cika tambayar takarda ba. Tsarin da aka gina a kan zaɓin mai saye, in mai saye ya canza, sai ya zauna.

Akwai kuma kasuwar da hatimin bai taɓa gani ba, wadda masu karatu a Garwa ko Marwa suka fi kowa sani. Katakon ayus da 'yan ƙaramin zarto ke tsagawa a gabashin Kamaru ana loda shi a jirgin ƙasa daga Belabo zuwa Ngaundere, daga nan tireloli su wuce da shi arewa har Kuseri da Njamaina. Da shi ake rufin gida, da shi kafinta ke yin ƙofa da benci. Binciken CIFOR ya nuna cewa katakon da ake tsagawa ta wannan hanya don kasuwar cikin gida yana gogayya da abin da manyan masana'antu ke fitarwa waje, kuma dubban mutane ne ke ci daga gare shi. Ba wanda zai je 'yan katako ya tambayi dillali takardar FSC. Shi ma ɗan zarton ba shi da gandu na kansa balle a zo a bincika, kuma kuɗin bincike ɗaya ya fi ƙarfin jarinsa. Haka abin ya kasance da madobiya a Najeriya, lokacin da 'yan kasuwar Sin suka buɗe mata baki aka yi ta kwashe ta daga Taraba da maƙwabtanta. Ba hatimin kasuwa ne ya taka wa wannan burki ba, yarjejeniyar CITES ce ta duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, wadda ta sa itacen cikin jerin masu buƙatar izini daga 2017, ta kuma dakatar da cinikinsa daga Najeriya a 2018. A duk yankin kogin Kwango, gandaye masu takardar FSC ba su wuce kusan kashi 1 cikin 10 na dajin da aka ba kamfanoni ba.

Ita kanta takardar ba a rasa abin zarginta ba. Mai bincike daga aljihun wanda yake bincika yake cin abinci, kuma kamfanonin bincike suna gasar neman kwastoma. Wanda ya cika tsanani yana iya rasa aikin baɗi. A 2020 ƙungiyar Earthsight ta zargi wani gandun gwamnati mai takardar FSC a tsaunukan Kafatiya na Yukiren da sarar itace a lokacin da doka ta hana, ta ce kuma katakon ya ƙare a kujerun IKEA. IKEA da FSC sun musanta wani ɓangare na zargin, amma tambayar da ya tayar tana nan: in jami'in gwamnati da kansa ne ya buga hatimin izini a kan abin da bai halatta ba, mai binciken da ya zo na kwana kaɗan yana duba takardu me zai gani? Tun 2018 Greenpeace, wadda tana cikin waɗanda suka kafa FSC, ta fice daga ƙungiyar, tana cewa tsarin ba ya aiki yadda ya kamata a ƙasashen da hukuma ke da rauni, kuma bai kare dazuzzukan da ba a taɓa shiga ba. Wannan suka tana da nauyi. Ko da an sare itace cikin ladabi, dajin da aka ratsa da hanya ba zai koma yadda yake ba. A ɗaya gefen kuma, FSC ta nuna tana iya cizo: a 2013 ta yanke hulɗa da rukunin Danzer saboda cin zarafin da jami'an tsaro suka yi wa mutanen ƙauyen Yalisika a Kwango Kinshasa a 2011, a wani rikici da reshen kamfanin, aka kuma maido da hulɗar bayan an cika sharuɗɗa.

Gwamnatoci ma ba kowace ce ke jin daɗin baƙo yana duba mata gida ba. A Folan, inda hukumar dazuzzukan gwamnati ke riƙe da mafi yawan dajin ƙasar, rassanta da dama sun ajiye takardar FSC tsakanin 2022 da 2023, sai bayan canjin gwamnati aka koma teburin sulhu. A tsakiyar Afirka wannan ƙorafi ne ya haifi PAFC, tsarin yankin da ke ƙarƙashin inuwar PEFC.

To me ya sa Gabon ta rungumi abin da wasu ke gudu? Ƙasa ce da daji ya rufe kusan kashi 88 cikin 100 na ta, mai ƙarancin jama'a, wadda man fetur ɗinta ke ja da baya. Tun 2010 ta hana fitar da ɗanyen gungume, ta kafa yankin masana'antu na Nkok kusa da Libarabil don a riƙa sarrafa okume a gida. Tana son katakonta ya shiga kasuwanni masu tsada, tana kuma son kuɗin da ƙasashe masu arziki ke biya don a bar daji tsaye. A 2019 Nowe ta yi mata alkawarin dala miliyan 150 cikin shekara 10, aka biya miliyan 17 na farko a 2021. Sannan gwamnati ta san halin ma'aikatanta. A 2019 ɗin ne kwantenoni fiye da 350 na katakon kebazingo da aka kama suka yi layar zana a tashar Owendo, abin da ya ci kujerar mataimakin shugaban ƙasa da ta ministan dazuzzuka. Ƙasar da kwantena ke ɓacewa a hannun hukuma tana da dalilin neman ido na waje.

Wa'adin 2022 ya zo ya wuce, yawancin gandaye ba su samu takardar ba, aka ɗage shi zuwa 2025. A watan Agusta na 2023 sojoji suka kifar da Ali Bongo, ministansa na dazuzzuka Lee White ya bar kujera. Barazanar karɓe daji daga kamfanoni masu yawa a lokaci guda dama abu ne mai wuyar cikawa, domin su ne ke ciyar da masana'antun Nkok da gumagumai, su ne kuma ke ɗaukar ma'aikata. Abin da ya fi sanarwar tasiri, a ganina, wani ɗan sakin layi ne a dokar kasafin kuɗi ta 2020. Da can kowane kamfani sefa 400 yake biya a kan kowace hekta a shekara. Sabuwar dokar ta ce mai takardar FSC ko PAFC ya biya 300, mai takardar da ke nuna ya bi doka kawai ya biya 600, wanda ba shi da komai ya biya 800. Ga kamfani mai hekta 300,000, bambancin da ke tsakanin sama da ƙasa ya kai sefa miliyan 150 duk shekara. Wannan ya gyara daidai abin da ya karya kamfanonin Kamaru. Ba sai an jira mai saye a Turai ya ji tausayi ba, kuma ko kamfani Shanghai yake kai kayansa, harajin yana jiransa a gida. Baitulmali ma ba ta yi asara ba, tunda abin da aka rage wa wannan an ƙara wa wancan. Kwango Barazabil ta bi wata hanyar, ta sa wajabcin takardar shaida cikin sabuwar dokar dajinta ta 2020.

Akwai haɗari a nan da bai kamata a rufe ido a kai ba. In takarda ta zama dole, ko ta zama hanyar rage haraji, matsin lamba a kan masu bincike zai ƙaru, domin yanzu ba kamfanonin da suka zo da kansu kaɗai za su duba ba, har da waɗanda aka jawo da igiya. Darajar hatimin tana iya zubewa daidai lokacin da ya fi yaɗuwa. Turai ma ta fara nuna ba ta gamsu da hatimi shi kaɗai ba: dokarta ta 2023 kan kayayyakin da ke jawo share daji, wadda aka ɗage fara aiki da ita, tana neman a nuna ainihin wurin da aka sare itacen a taswira, kuma ba ta ɗauke wa mai shigo da kaya alhaki don kawai ya nuna takardar FSC ba.

Hukuncina shi ne, takardar shaida ta tabbatar da amfaninta a cikin iyakar gandun da take aiki: ta rage farauta, ta gyara rayuwar ma'aikata, ta ba ƙauyuka bakin magana. Ba ta hana noma cin daji ba, ba ta taɓa kasuwar cikin gida ba, kuma a Kamaru ta nuna ba za ta iya tsayuwa da ƙafarta ba in gwamnati na ɗaukar mai bin doka da mai karya ta abu ɗaya. Gwamnatin da ke son dajinta ya amfana da wannan tsari, Kamaru ce ko Ghana ko wata jihar Najeriya mai gandun daji, ta fara da dokar harajinta da kuma ba 'yan ƙaramin zarto izinin da za su iya biya, kafin ta aika a kira masu bincike daga waje.